Manyan Kwamfutoci da Tattalin Wutar Lantarki

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wasu manyan kwamfutoci da ake hasashen damina da binciken magunguna da su. Irin wannan kwamfuta ba a ɗora ta kan tebur. Dubban injuna ne aka haɗa cikin babban zaure suna aiki tare, abincinsu kuwa wutar lantarki.

Don mu gane yawan cinsu, mu dubi madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974. Kogin Kano ne ke cika ta bayan ya ratso dajin Falgore. Injinan wutar da Gwamnatin Jihar Kano ta kafa a wurin an tsara su ba da megawat 10. To, kwamfutar Frontier ta Amurka, wadda a 2022 ta yi lissafi fiye da biliyan sau biliyan cikin daƙiƙa ɗaya, tana jan fiye da megawat 20. Ke nan ko an ba ta wutar Tiga duka, rabin cikinta kawai za ta cika.

Ta yaya masana ke rage wannan ci? Da farko dai sai awo. Ana sa mita a kan injunan, a san wutar da kowane aiki ya ci. Ana kuma raba dukkan wutar da ta shiga ginin da wadda ta isa injunan. In amsar ta kusa 1, ɓarna kaɗan ce. In ta kai 2, rabin wutar ta tafi wajen fanka da sanyaya ɗaki da makamantansu.

Na biyu, wutar da injin ya ci zafi take komawa. Ruwa ya fi iska kwashe zafi, saboda haka ana bi da shi cikin bututu ta jikin injunan. A garin Kajaani na ƙasar Finlan, zafin kwamfutar LUMI ma ɗumama gidajen mutane ake yi da shi.

Na uku, injin da ke jiran aiki akan rage masa gudu, ko a kashe shi.

Tun 2007 ake fitar da jerin Green500, wanda ba gudu kaɗai yake dubawa ba, sai yawan lissafin da kwamfuta ta yi da kowane wat. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

A ƙarshe, in ƙasarmu za ta mallaki irin waɗannan injuna, daga wutar da asibiti da mai niƙa a Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa ke jira za a ɗiba. Saboda haka ina kira gare mu da mu riƙe lissafi da kimiyya, mu kuma fara da karanta mitar makarantarmu kowane mako. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.