Ciwon Daji Ba Ya Jiran Jiƙo

Jama'a, ciwon daji, wanda ake kira sankara, ba jifa ba ne, ba kuma sammu ba. Ƙwayoyin halittar jiki ne ke hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su dunƙule. Muddin suna wuri guda, likita na iya yanke ƙullutun, ya bi da allurai ko gashi, sau da yawa a rabu da shi. In aka yi sake kuwa, sai su ɓalle su bi jini da kaluluwa, su sauka a hanta, ko huhu, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne mataki na 4 na ciwon.

Ga yadda ake yin saken a gidajenmu. Mace ta ji ɗan ƙullutu a nono kamar ƙwayar gyaɗa, ba zafi. Sai a ce mata, "Daji ne, ba ya son allura." A jiƙa sassaƙe, a daka ganye a shafa, wanzami ya zo ya yi sakiya. Kafin shekara wurin ya fashe yana ruwa, baya ya riƙe, numfashi ya yi wuya. Sannan ne za a ɗauke ta ranga-ranga zuwa asibitin Shika.

Ba raina itatuwa ake yi ba. Vinkiristin, da ake bai wa yara masu sankarar jini, daga wata fulawar Madagaska aka samo shi, amma sai da aka tace, aka gwada, aka auna. Jiƙon kasuwa ba shi da ma'auni, yana iya illata ƙoda da hanta, gaɓoɓin da mara lafiya ke buƙata don jure maganin asibiti.

Idan ciwo ya yi nisa, akan sami ɗa mai tausayi ya ce, "A ciri gaɓata a sa wa Inna." Kyautar gaɓa aikin lada ne. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta shi bisa sharuɗɗa a Jidda a 1988, ta hana sayarwa, kamar yadda dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana. Asibitin Malam Aminu Kano ma tun 2002 yake dashen ƙoda. Sai dai dashe ba ya warkar da dajin da ya bazu, don magungunan da ake sha bayansa suna rage garkuwar jiki, ciwon ya ƙara samun sarari. Haka kuma ba a karɓar gaɓar mai irin wannan ciwo, kada a dasa wa wani cuta.

Duk da haka kada a yanke ƙauna. Ko ya bazu, asibiti na da maganin rage raɗaɗi da sassauta ciwon. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Duk wanda ya ga ƙullutu, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko jinin da ba a saba gani ba, ya nemi likita tun da wuri. Iyaye kuma a kai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa, kyauta ne. Allah Ya ba mu lafiya.