Gyaran Jikin Mota da Ɗora Mata Kayan Ado a Kafanchan

Mai son sauya fasalin motarsa da kayan ado na jiki, wato bamba ta gaba da ta baya da siket ɗin gefe, waɗanda galibi ake yi da roba ko faiba, ya kamata ya fara duba ƙarfen da za a ɗora su a kai. Damina a kudancin Kaduna takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, don haka tsatsa kan ci ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi, kuma wajibi ne mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabon ƙarfe, domin fila, wato ƙullun da ake cike lotsawa da shi, yakan tsage idan aka lafta shi da kauri. A gwada kowane yanki a jikin motar kafin fenti, ko daga kasuwar Panteka ta Kaduna aka sayo shi, sannan a guji fesa fenti a fili lokacin hunturu saboda ƙura. Bamba mai sauka ƙasa sosai kuwa ba ta jure ramukan hanyoyin ƙauye. Idan an sauya launi, a gyara takardun motar.