Idan Laftof Ta Ƙi Nuna Ma'ajiyarta

Kana sake ɗora Windows 11, ka iso wurin zaɓen ma'ajiya, allo wayam. Kafin ka tari Keke Napep daga Old Maiduguri zuwa wurin mai gyara, dakata; sau da yawa SSD ɗin, wato ma'ajiyar, lafiyarsa ƙalau.

A laftof masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama, tsarin VMD ne yake ɓoye shi. Sauke direban Intel RST daga shafin kamfanin laftof ɗinka, ka zuba a filashi, ka danna Load driver. Ko ka shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, ka kashe VMD ko ka koma AHCI.

In BIOS ma bai gan shi ba, a buɗe laftof ɗin, a kakkaɓe ƙura, a sake zaunar da shi. Kada ka yarda a yi fomat kafin a kwashe takardunka.