Yadda Iyaye Za Su Tsaya wa Yaron da Gashinsa Ke Zubewa

Galibi mai kitso ko mai aski ne ke fara gani: ɗan fili a tsakiyar kan yaro, zagayayye kamar kwabo, babu gashi ko ɗaya. Kafin a isa gida an samu masu fassara, wannan ta ce jifa ne, wancan ya ce makero. Abin da iyaye za su fara yi shi ne su zaunar da yaron a wuri mai haske su duba kan da kyau, domin abubuwa uku ne suka fi cinye gashin yara, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Na farko makero ne, yana zuwa da ƙaiƙayi da garin fata da guntayen gashi a karye, wani lokaci har da ruwa. Ana ɗaukarsa ta injin aski, mataji, hula da matashin kai. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai an sha magani irin su griseofulvin na mako 6 zuwa 8 bisa umarnin likita. Na biyu laifin hannu ne: kitso mai tsauri da ke jan gaban goshi har gashin wurin ya ja baya. In an sassauta da wuri yakan dawo, in an daɗe ana ja saiwar ta mutu.

Na uku shi ne alopeshiya, wanda ya fi ruɗa iyaye. Fatar wurin sumul take, ba ƙura ba ƙurji. Garkuwar jikin yaron ce ke kai wa saiwar gashinsa hari bisa kuskure. Ba a ɗaukarta, ba ƙazanta ke kawo ta ba, kuma kusan mutum 2 cikin 100 na haɗuwa da ita a rayuwarsu. Saiwar tana nan da rai, shi ya sa yara da yawa masu ƙananan filaye gashinsu ke dawowa cikin shekara guda. Wasu kuwa gashin kan gaba ɗaya ke zubewa, har gira da gashin ido.

Daga nan sai asibiti, wurin likitan fata. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da su. A nuna wa likita har faratan yaron, don alopeshiya kan bar ƙananan ramuka a kansu, a kuma riƙa ɗaukar hoton wurin da waya duk wata domin a ga inda aka dosa. Likita na iya ba da man shafawa mai kwantar da garkuwar wurin, ko allurai a fatar kai ga yaran da suka tasa, ko ya ce a jira. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ritlecitinib ga masu shekara 12 zuwa sama da cutar ta tsananta musu.

A guji goga tafarnuwa, sakiya da man bilicin. Ƙona fata suke yi, tabo kuwa gashi ba ya tsirowa a kansa.

Aiki mafi nauyi a gida yake. Alopeshiya ba ta sa zafi a jiki, amma yaron da ake kira ƙwal-kwabo a filin wasa yana kwana da abin a ransa. Uwa ta yi masa bayani daidai shekarunsa, ta maimaita masa cewa ba laifinsa ba ne. Kada a riƙa tuɓe wa yarinya ɗankwali a gaban baƙi ana cewa "ku zo ku ga abin da ya samu 'yar nan". Wannan ya fi zubewar gashin ciwo, kuma manya ne ke yinsa da sunan tausayi. A koya wa yaron gajeriyar amsa da zai ba abokai: gashina ne ke zubewa, ba a ɗauka, ina ganin likita.

Uba ya taka da kansa zuwa makarantar boko da Islamiyya, da takardar likita a hannu. Malami ya san cewa babu dalilin ware yaron, a kuma nema masa izinin sa hula in dokar makaranta ta hana. In ba a cikin rana ba, rufe kai ko barinsa zaɓin yaron ne. Babbar yarinya za a iya nuna mata Ayanna Pressley, 'yar majalisar wakilan Amurka da ta bayyana cutarta a 2020 take kuma shiga majalisa kanta babu gashi.

Kan da babu gashi yana ƙonewa a rana, don haka hula ta zama dole a lokacin zafi, tabarau kuma ya tare ƙurar hunturu ga wanda gashin idonsa ya zube. Sabon gashi yakan fito fari da laushi kafin ya yi baƙi, kada a ɗauka furfura ce. In yaron ya soma ƙin makaranta, ko ya daina ci da wasa, a faɗa wa likita a zuwa na gaba, a nemi ya haɗa su da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara.