Biyan Inshorar Mota Bayan An Yi Wa Mutum Sata Ta Katin Banki

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani al'amari da ya auku a gidanmu a hutun da ya wuce. Baba ya tafi sabunta inshorar motarsa, sai ya miƙa wa wani yaro mai shagon kwamfuta katinsa na banki don ya biya masa ta intanet. Ashe yaron ya kwafe lambobin gaban katin da ukun nan na baya. Bayan kwana biyu wani ya bugo waya wai daga banki yake, ya ce Baba ya karanta masa lambar da aka aiko masa ta saƙo. Kafin la'asar kuɗin da aka tanada don dawowata makaranta sun salwanta.

Lambar nan ta saƙo ita ce mabuɗin ƙarshe, kuma banki ba ya tambayar kowa ita. Wanda irin wannan ta same shi, ya sa a rufe katin nan take, ya kai ƙara banki a rubuce, sa'an nan ya karɓi sabon kati da sabuwar lambar sirri.

To, amma inda na fi so mu lura shi ne abin da ya biyo baya. Baba ya yi rantsuwa shi da kati har abada, ya ce gara ya ba 'yan kamashon bakin ofishin lasin tsabar kuɗi su kawo masa takarda. Wannan kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin ta hannun irinsu takardun jabu suka fi fitowa. Tun 1945 doka ta wajabta inshorar da ke biyan wanda direba ya yi wa ɓarna. A farkon 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga diyyar dukiyar da aka lalata zuwa Naira miliyan 3. Saboda haka duk wanda ya ce zai yi maka a tsohon farashi, takardar banza zai ba ka. Ranar da ka bugi motar wani, daga aljihunka za ka biya. Ga kuma 'yan sanda, waɗanda suka tsananta binciken takardar daga 1 ga Fabrairu, 2025.

Hanyar da yayana ya nuna wa Baba ba ta da wuya. Ka nemi kamfanin da ke da lasisin NAICOM, ka tura kuɗin kai tsaye daga asusunka zuwa nasa, ko ka biya a kantar banki ka karɓi rasit. Ta haka ba wanda zai ga lambobin katinka. Kafin ka tura, duba sunan da ya fito: in sunan mutum ne ba na kamfani ba, dakata. In kuwa lalle sai da kati, a ganina ya fi kyau a buɗe ƙaramin asusu dabam, a zuba iyakar kuɗin inshorar kaɗai, mutum kuma ya shigar da lambobin da hannunsa.

Saura tabbatarwa. Kamfanonin inshora suna da rumbun bayanai da ake kira NIID. A buga *565*11# a waya, a sa lambar mota, sai ya nuna ko inshorar tana rajista. Muka gwada ta Baba, ta fito. Kawuna da ke zaune yana yi mana dariya ya ce a gwada tasa, wadda ɗan kamasho ya yi masa wata huɗu da suka wuce. Sau uku muna bugawa, ba a same ta ba.