Kulle Kwamfutar Gida da Kalmar Sirri

'Yan kasuwarmu mazauna unguwannin Hausawa a Fatakwal da Anacha da Inugu sukan haɗa masauki da ƙanne da yaran shago da baƙi. Wanda ya ajiye lissafin bashi a tsohuwar kwamfuta ba kulle, yaro yana iya share shi cikin wasa, a rasa shaida ranar biya.

Ga abin da ya kamata mai Windows XP ko Windows 7 ya yi:

1. A shiga Control Panel, sannan User Accounts, a sa kalmar sirri mai haruffa da lambobi. Kada a sa sunan ɗa ko lambar waya, gama mutanen gida sun san su.

2. A buɗe wa sauran nasu asusun dabam, marar ikon canza kome.

3. In za a tashi salla, a danna maɓallin Windows tare da L, sai ta kulle.

4. XP tana da ɓoyayyen asusu, Administrator, wanda akan bari ba kulle. A danna F8 lokacin kunnawa, a zaɓi Safe Mode, a sa masa tasa kalmar.

Kada a raina na huɗun nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.