Idan Laftof Ta Ƙi Karɓar Ofdet: Matakan Da Za A Bi A Gida Kafin A Yi Fomat

Kowace Talata ta biyu a wata, kamfanin Microsoft yana sakin gyare-gyaren Windows, abin da aka fi sani da ofdet ko sabuntawa. A gidaje da dama ba a sanin zuwansa sai an ga laftof ta tsaya tana ta juya ɗigogi a allo, ta kai kashi 30 cikin 100 ta cije, can kuma ta rubuto cewa ta kasa, tana mayar da komai yadda yake. Washegari ta sake gwadawa, data na ta ƙonewa a banza. In aka kai ta kasuwa, maganar da ta fi saurin fitowa daga bakin mai gyara ita ce "sai dai fomat". To, yi wa kwamfuta fomat don ofdet ya ƙi shiga tamkar rushe ɗaki ne don ƙofarsa ta ƙi rufuwa. Sau tari abin da ya tsaya mata bai wuce wuta, ko data, ko ƙarancin wuri, ko agogon da ya rikice ba. Ku bi matakan nan bi da bi, daga masu sauƙi zuwa masu nauyi. Sunayen wuraren dannawa an kawo su yadda suke a allon Turanci. Wanda tasa ke Faransanci, kamar mutane da yawa a Nijar, zai ga sunayen sun bambanta, amma lambobin kuskure da umarnin da ake rubutawa duk ɗaya ne.

1. Ku fara kwashe kayanku. Hotunan suna da na biki, furojet ɗin ɗalibi, lissafin shago, takardun neman aiki, a kwafe su a filashi ko had-dis na waje kafin a taɓa komai. Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa mai saye ba. Laftof da yawa na zamani suna kulle had-dis ɗinsu da tsarin BitLocker, kuma bayan wani ofdet, musamman na BIOS, kwamfutar kan tashi da shuɗin allo tana neman makulli mai lambobi 48. Yawanci makullin yana ajiye a asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi. Ku buɗe asusun, ku rubuta lambobin a takarda. In asusun na yaron shagon da ya saita muku ita ne, ku neme shi tun yanzu, domin in babu makullin, ko shi kansa Microsoft ba ya iya buɗe muku fayilolin.

2. Ku danna Restart, ba Shut down ba. Ana ɗauka ɗaya ne, alhali sun bambanta. A Windows 10 da 11, Shut down yakan adana wani ɓangare na tsarin don kwamfuta ta yi saurin tashi, sai matsalar jiya ta tashi tare da ita. Restart ne ke fara komai daga tushe. Wanda ya saba rufe murfin laftof ya cusa ta a jaka yana iya yin wata guda bai kashe ta da gaske ba, ofdet kuwa yana nan yana jira ya ƙarasa.

3. Ku tabbatar da wuta kafin ku fara. Windows kan jinkirta sabuntawa in caji ya yi ƙasa ko an kunna tsarin tattalin batir. Wannan da sauƙi. Mai haɗarin shi ne laftof da batirinta ya mutu, wadda da zarar an ɗauke wuta take mutuwa nan take. In hakan ya faru tana tsakiyar rubuta fayilolin tsarin, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Irin wannan kada a yi mata ofdet da wutar NEPA da ba a san ranar tafiyarta ba; a bari sai inda ake da sola ko janareto mai isasshen mai. Zafi ma yana kashe ta. Ofdet aiki ne mai nauyi, kuma ƙurar hunturu tana toshe fanka. Kada a ɗora ta a kan katifa ko filo, a sa ta a tebur inda iska za ta shiga ta ƙasa.

4. Ku duba datar da kanta. Ofdet na wata-wata yakan ci daga ɗaruruwan megabayit zuwa fiye da gigabayit guda, babban da ke sauya zubin Windows kuwa gigabayit da yawa. Wanda ya kunna hotsifot na waya da ragowar megabayit 500, abin zai yanke a hanya. Sannan in an yi wa layin alamar Metered connection, wato layin da ake tattalin datarsa, Windows ba za ta sauke yawancin ofdet ba. Ku shiga Settings, ku je Network & internet, ku buɗe bayanan layin da kuke kai ku gani. Ba laifi ba ne a bar alamar a kunne, ni ma ita nake ba masu sayen data kaɗan-kaɗan shawara, sai dai a riƙa kashe ta sau ɗaya a wata, a daren da aka sayi datar dare ko aka sami waifai mai ƙarfi. Gidan da ke da kwamfuta biyu ko uku a kan waifai ɗaya su kunna Delivery Optimization, su zaɓi na'urorin cikin gida kaɗai. Ɗaya za ta sauke, sauran su ɗebi wani kaso daga wurinta.

5. Ku buɗe mata wuri. Ofdet yana buƙatar inda zai sauka, da inda zai warware kansa, da inda zai ajiye tsoffin fayiloli ko da za a koma baya. In layin da ke ƙarƙashin had-dis na C ya zama ja, kun ga matsalar. Ku nemi aƙalla gigabayit 20 a sake kafin babban ofdet. Finafinai da wasannin yara su koma filashi, a zazzage foldar Downloads da kwandon shara, sannan a buɗe Disk Cleanup a danna Clean up system files. A nan za ku iya tarar da gigabayit da yawa na ragowar tsoffin ofdet. Foldar Windows.old kuwa ita ce hanyar komawa tsohon zubi, kuma kwana 10 Windows ke riƙe ta, don haka kada a goge ta sai an gamsu da sabon. Ƙananan laftof masu ma'ajiyar gigabayit 32, irin waɗanda ake saya wa yara don arha, kullum a wannan matsalar suke. A irin waɗannan, Windows kan ba da damar jona filashi don ta ari wuri.

6. Ku kalli kwanan wata a kusurwar allo. In kwamfuta tana ganin shekarar 2015 ake ciki, ba za ta yarda da takardun shaidar tsaro na Microsoft ba, sai ta ƙi haɗuwa da shi. Ku gyara a Date & time, ku kunna saita kai. Laftof da aka shigo da ita takan zo da agogon Amurka ko Ingila. Na Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi shi ne West Central Africa. In kullum aka kashe ta sai kwanan watan ya koma baya, ɗan ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikinta ne ya ƙare, kuma canza shi ba tsada.

7. Ku ɗauki hoton lambar kuskuren. Wannan jerin da ke farawa da 0x ba ado ba ne. 0x80070070 na nufin wuri ya ƙare. 0x80072F8F yawanci agogo ne. 0x80072EE2 layin intanet ne ya gaza. 0x80073712 da 0x800F081F suna nuna wasu fayilolin Windows sun lalace ko sun ɓace. Duk wadda ta fara da 0xC1900101 tana nuni ga direba, wato manhajar da ke tafiyar da wani sashe na na'urar. Kowane ofdet kuma yana da lambarsa da ke farawa da KB, za ku gan ta a Update history. Da ita ake iya zuwa shafin Microsoft Update Catalog a sauko da shi kai tsaye a girka da hannu, ko ma a sauke a inda intanet ke da kyau a kawo gida a filashi. A dai kula a zaɓi wanda ya dace da zubin Windows ɗinku.

8. Ku cire duk abin da ke jone, firinta, modem, katin memori, banda caja. In akwai VPN a kashe. Sannan maganin bairos. Akwai shagunan da ke loda wa mutum biyu ko uku lokaci guda don ya ga an yi masa aiki, su kuma su yi ta tare wa juna hanya har su tare wa ofdet. Windows tana da nata, Windows Security, kuma ya ishi gida. Ku cire na wajen, ko da na ɗan lokaci ne, ku sake gwadawa.

9. Ku bari Windows ta duba kanta, in ta kasa ku zubar da abin da ta sauke. A Windows 11, hanyar ita ce Settings, System, Troubleshoot, Other troubleshooters, sai Windows Update. In bai yi ba, mai yiwuwa fayil ɗin da aka sauke ne ya gurgunce lokacin da sabis ya yanke, kwamfutar kuma tana ta ƙoƙarin girka gurgun. Ku rubuta cmd a wurin bincike, ku zaɓi Run as administrator, ku rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuna danna Enter bayan kowane:

net stop wuauserv
net stop bits
ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old

Sai ku yi Restart. Windows za ta gina sabuwar folda ta sauke komai daga farko. Wannan ba ya taɓa fayilolinku, amma zai sake cin data.

10. In lambar ta nuna fayilolin tsarin ne suka lalace, a wannan baƙin allon na cmd dai ku rubuta:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Yana buƙatar intanet, kuma yakan daɗe a tsaye a wajen kashi 62 kamar ya mutu. Ku ƙyale shi. In ya gama ku bi shi da sfc /scannow, sannan Restart.

11. Laftof 'yar gwanjo tana da nata labarin. Yawancin HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da ke cike da shagunan Beirut Road a Kano da Computer Village a Ikeja, na ma'aikatu ne da suka gama amfani da su a ƙasashen waje. In ba a wanke ta da kyau ba, tana iya ci gaba da neman ofdet daga uwar garken tsohon kamfaninta, wadda ba za ta taɓa samu ba. Alamar ita ce rubutun da ke cewa wata ƙungiya ce ke kula da wasu saituna. Wani lokaci kuma mai shagon ne ya kashe sabuntawar da gangan, wai don ya taimaka muku da data, ko ya sa Windows da aka yi wa kwaskwarima aka yanke mata sassa. Ku rubuta services.msc, ku nemo Windows Update. In an sa shi a Disabled, ku mayar da shi Manual. Wadda aka yanke wa sassa kuwa babu dabarar da za ta gyara ta, sai an sa ta asali.

Ban yarda da masu cewa a kashe ofdet a huta ba. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata kafa a Windows. A watan Mayu, bairos ɗin WannaCry ya bi ta wannan kafar ya kulle kwamfutocin da ba su karɓi gyaran ba a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, yana neman kuɗin fansa. Laftof da ake shiga asusun banki da ita ba abin bari a buɗe ba ce. In wani ofdet ɗin ne ke kawo rikici, akwai Pause updates da ke dakatar da shi har mako 5.

12. Wataƙila ba lalacewa ta yi ba, wa'adinta ne ya cika. Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba 2025, sai waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU, wanda aka tsara wa masu amfani a gida zuwa 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: TPM 2.0, RAM gigabayit 4, ma'ajiya gigabayit 64, da furosesa ta Intel zubi na 8 zuwa sama ko makamanciyarta ta AMD. Saboda haka "Core i5" kawai ba ya isa bayani. I5-6300U zubi na 6 ce, ba ta cika sharaɗi ba. Manhajar PC Health Check za ta gaya muku matsayin taku. Wasu TPM ɗin yana nan, a kashe yake a BIOS. Masu gyara sun iya tsallake sharuɗɗan su cusa Windows 11, kuma takan yi aiki, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfutar ofdet ba. Tsohuwar laftof da rubutu da intanet kaɗai ake yi da ita, Linux Mint ko Ubuntu kyauta ne kuma suna samun gyaran tsaro.

13. In ta cije a tsakiyar girkawa, ku ba ta awa biyu ko uku tana jone da wuta, musamman mai tsohon had-dis mai juyawa. Sai bayan nan ne za a danne maɓallin wuta. In ta ƙi tashi, katse ta sau biyu ko uku a jere yana kai ta allon gyara, inda za ku bi Troubleshoot, Advanced options, Uninstall updates, ku cire na ƙarshen.

14. Kafin fomat akwai sauran mataki guda, kuma shi za ku nema da sunansa in kun je shago: a sake ɗora Windows a kan wadda ke ciki ba tare da goge komai ba. Ana sauko da fayil ɗin ISO daga shafin Microsoft, a buɗe shi cikin Windows ɗin da ke aiki, a danna setup, a zaɓi Keep personal files and apps. Sababbin zubin Windows 11 suna da maɓallin wannan a Settings, System, Recovery, mai suna Fix problems using Windows Update. Ku kuma sa mai gyara ya gwada lafiyar had-dis ɗin a gabanku. In yana ƙara ƙas-ƙas ko gwajin ya nuna ya fara mutuwa, fomat zai riƙe ne na ɗan lokaci matsalar ta dawo. SSD za a saya a sa a madadinsa, a ajiye tsohon har sai an tabbatar duk fayilolin sun koma sabon.